Dabarun Cin Wasan Ɗibar Tsakuwa da Amfaninsu Wajen Koyar da Lissafi a Makarantun Gwarzo da Kabo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wani sassauƙan wasa na mutum biyu, wanda ake zube tsakuwa a ƙasa ana ɗiba bi da bi, har a ga wanda zai ɗauki ta ƙarshe. An nuna yadda ake gano dabarar da ke tabbatar wa ɗan wasa nasara ta hanyar bin wasan daga ƙarshensa zuwa farkonsa, da yadda wannan dabara ta dogara kacokan a kan rabawa da abin da ya yi saura. An bi sauye-sauyen da ake samu idan aka taɓa ƙa'idojin wasan, tun daga tsibi ɗaya har zuwa tsibi uku, inda ƙirga da tushen biyu ke shigowa. An kuma kawo taƙaitaccen tarihin nazarin wasan, sannan aka ba da shawarar yadda malamin firamare ko na ƙaramar sakandare a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo zai yi amfani da shi a aji ba tare da ya kashe ko sisi ba. Maƙalar ta ja hankali a kan cewa amfanin wasan yana cikin neman dabarar, don haka malamin da ya yi gaggawar faɗa wa ɗalibai sirrin ya zubar da darasin.

Fitilun kalmomi: lissafi, wasa, dabara, saura, tushen biyu, Gwarzo, Kabo

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa a gaban ƴan aji huɗu ko biyar na firamare ya san wannan hali. Yara za su rera jadawalin sau tun daga sau biyu har sau goma sha biyu ba tare da tuntuɓe ba, amma da zarar an ce su raba 21 gida huɗu su faɗi abin da ya yi saura, sai aji ya yi tsit. Wanda ya samo amsar ma, idan aka tambaye shi amfanin wannan ɗaya da ta yi saura, ba zai iya cewa komai ba. Yaro ya haddace lamba, bai san abin da lambar ke yi ba. Illar wannan ba ta tsaya a firamare ba, domin ita ce ke bin ɗalibi har zauren jarrabawar kammala sakandare, inda rashin samun kiredit a lissafi kan rufe masa ƙofar jami'a ko da kuwa ya yi fice a sauran darussa.

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin birnin Kano, a yankin da babbar hanyar nan ta ratsa daga Kano zuwa Dayi ta Jihar Katsina. Noma da kiwo da kasuwanci su ne manyan sana'o'in jama'arsu, kuma makarantunsu sun bazu daga hedkwatocin biyu zuwa garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya a ɓangaren Gwarzo, da Garo a ɓangaren Kabo. A shekarar 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ƙaddamar da shirin ilimi kyauta kuma dole, sannan a watan Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Kawo yaro aji mataki ne na farko. Abin da zai fahimta bayan ya zauna shi ne tambayar da ta rage a wuyan malami, wanda sau da yawa alli da allo kaɗai ke hannunsa. Saboda haka duk wata hanyar koyarwa da za a kawo wa irin wannan malami, dole ta kasance mai araha, mai yiwuwa a aji mai cunkoso, wadda kuma za a iya bayaninta da Hausa. Wasan da za a tattauna a nan ya cika waɗannan sharuɗɗa.

2.0 Wasan da Ƙa'idojinsa

Don sauƙin bayani, a wannan maƙala za a riƙa kiran wasan da suna ɗibar tsakuwa. Kayan wasan su ne duk wani ƙaramin abu da za a iya ƙirgawa: tsakuwa, ko ƙwallon dabino, ko ƴaƴan tsamiya, ko gyaɗa, ko marafan kwalba. Ƙa'idojinsa uku ne:

i. Za a zube tsakuwa 21 a tsibi ɗaya tsakanin mutum biyu.
ii. Kowa zai ɗiba idan layi ya zo kansa, kuma yana da damar ɗaukar ɗaya, ko biyu, ko uku. Ba a tsallake layi.
iii. Wanda ya ɗauki tsakuwar ƙarshe shi ya ci.

Wasa da tsakuwa ba baƙon abu ba ne ga ɗan Bahaushe. Ƴan mata na yin carafke, maza kuma na haƙa gurabun dara a gindin bishiya. Sai dai ɗibar tsakuwa ta bambanta da su. Carafke ta dogara ne da zafin hannu. A dara kuwa kowane ɗan wasa yana da nasa ƴaƴan, kuma hanyoyin da wasa zai iya bi suna da yawan da ba za a iya lissafa su a kan allo ba. A ɗibar tsakuwa tsibin na tarayya ne, duk abin da ya halatta ga wannan ya halatta ga wancan, babu abin da ke ɓoye, babu ƙuri'a, kuma dole wasan ya ƙare tun da kowane ɗiba rage tsibin yake yi. Waɗannan siffofi ne suka sa tun kafin a taɓa tsakuwar farko, lissafi ya riga ya yanke wanda zai ci, muddin ya san abin da yake yi.

3.0 Waiwaye a kan Tarihin Nazarin Wasan

A shekarar 1612 wani masani Bafaranshe, Claude-Gaspard Bachet, ya wallafa littafin wasannin ƙwaƙwalwa da suka shafi lambobi. A ciki akwai wasan da mutum biyu ke tara lambobi bi da bi, kowa ya ƙara daga 1 zuwa 10, wanda ya fara kaiwa 100 ya ci. Wannan wasa da ɗibar tsakuwa abu guda ne, illa dai wancan hawa ake yi, wannan kuma sauka.

Nau'in da ake yi da tsibi da yawa shi ake kira Nim. Charles Bouton na Jami'ar Harvad da ke Amurka ne ya ba shi wannan suna, kuma shi ya fito da cikakkiyar warwararsa a shekarar 1901. Daga baya Roland Sprague a Jamus cikin 1935, da Patrick Grundy a Ingila cikin 1939, kowannensu ba tare da sanin aikin ɗan'uwansa ba, suka tabbatar da cewa duk wani wasa mai siffofin da aka ambata a sama, wanda mai motsin ƙarshe ke ci, daidai yake da wani tsibi na Nim. Sauƙin lissafinsa ya sa ya shiga cikin wasannin farko da aka ƙera wa na'ura. An nuna na'urar Nimatron a bajekolin duniya na birnin Niyok a 1940, kamfanin Ferranti kuma ya nuna kwamfutar Nimrod a Landan a 1951.

Ƙasar Hausa ma tana da nata gadon a fagen bin tsarin lambobi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732 a kan yadda ake gina hatimin da jimillar kowane layinsa ke zuwa daidai, kuma ya rasu a birnin Alƙahira a 1741. Ya kamata ɗalibin Gwarzo ko Kabo ya san cewa malamin Katsina ya yi irin wannan aiki kusan shekara ɗari uku da suka wuce, domin kada ya ɗauka lissafi kayan aro ne.

4.0 Yadda Ake Gano Dabarar Ci

4.1 Farawa daga ƙarshe

Wanda ya zauna yana tunanin abin da zai ɗauka daga 21 zai ruɗe, saboda rassan wasan suna da yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da tsibi mafi ƙanƙanta, a riƙa ƙara tsakuwa ɗaya-ɗaya, ana tambaya guda: idan layina ne, kuma wannan adadi ke gabana, zan ci ko za a cinye ni?

Idan tsakuwa 1 ko 2 ko 3 suka rage, mai layi zai kwashe su duka ya ci. Idan 4 suka rage, al'amari ya juya. In ya ɗauki ɗaya ya bar uku, in ya ɗauki biyu ya bar biyu, in ya ɗauki uku ya bar ɗaya, kuma a kowane hali abokin karawarsa zai share ragowar. Don haka 4 adadi ne da duk wanda ya tarar da shi a layinsa ya faɗi. Irin wannan adadi za mu kira shi tarko.

Idan 5 ko 6 ko 7 suka rage, mai layi yana da mafita: zai ɗauki ɗaya ko biyu ko uku, ya bar wa abokinsa 4. Idan kuwa 8 suka rage, duk abin da ya ɗauka zai bar 7 ko 6 ko 5, waɗanda muka riga muka ga cewa mafita ce ga wanda ya same su. Ashe 8 ma tarko ce. Haka za a ci gaba har a samu wannan jeri na tarkuna: 4, 8, 12, 16, 20.

Daga nan ƙa'idoji biyu suka fito fili, kuma su ne ginshiƙin duk nazarin irin waɗannan wasanni. Adadi yana zama mafita idan akwai ko da ɗiba guda da zai jefa abokin karawa cikin tarko. Adadi yana zama tarko idan duk ɗibar da aka yi daga gare shi mafita take bai wa abokin karawa.

4.2 Dalilin da ya sa huɗu

Ɗalibi zai iya lura da cewa tarkunan ƴaƴan gidan sau huɗu ne, amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: me ya sa huɗu, alhali uku ne iyakar abin da ake ɗauka? Amsar tana cikin zagaye guda na wasa. Duk abin da abokin karawa ya ɗauka, ana iya cikasa shi ya zama huɗu. Ya ɗauki ɗaya, a ɗauki uku. Ya ɗauki biyu, a ɗauki biyu. Ya ɗauki uku, a ɗauki ɗaya. Babu wani adadi da ake iya tabbatar da shi a kowane zagaye sai huɗu. Ba za a iya tabbatar da biyar ba, domin in ya ɗauki ɗaya sai an ɗauki huɗu, abin da ƙa'ida ta hana. Ba za a iya tabbatar da uku ba, domin in ya ɗauki uku babu abin da ya rage a cikasa, ga shi kuma ba a tsallake layi.

Yanzu sai a koma kan 21. Idan aka raba 21 da huɗu, za a samu biyar da saura ɗaya. Wannan ɗaya da ta yi saura ita ce ɗibar farko. Mai farawa ya ɗauki ɗaya ya bar 20, daga nan ya riƙa cikasa ɗibar abokinsa zuwa huɗu. Abokin zai riƙa tarar da 20, 16, 12, 8, 4, har tsakuwa ta ƙare a hannun mai farawa. Da a ce da 20 aka fara, babu saura, don haka mai farawa ne ke cikin tarko, kuma wanda ya san dabara sai ya yi kawaici ya ce wa abokinsa bismilla.

A nan ne sauran da ɗalibi ya ɗauka tarkace ne a ƙarshen rabawa ya zama abin da ke raba ci da faɗuwa. Ƙa'idar kuma ta game kowane adadi: idan iyakar ɗiba biyu ce, tarkuna ƴaƴan sau uku ne, idan biyar ce, ƴaƴan sau shida ne. A wasan Bachet iyakar ita ce 10, don haka zagaye 11 ne. An raba 100 da 11 an samu tara da saura ɗaya. Mai farawa sai ya ce 1, sannan ya riƙa sauka a kan 12, 23, 34, 45, 56, 67, 78, 89, daga nan 100 ta zama tasa.

4.3 Idan aka juya ƙa'ida ta uku

A ce yanzu wanda ya ɗauki tsakuwar ƙarshe shi ya faɗi. Burin kowa ya koma ya bar wa abokinsa tsakuwa ɗaya tilo. Tarko na farko ya zama 1, kuma tun da zagayen huɗu bai canja ba, sauran su ne 5, 9, 13, 17, 21. Tsibin bai canja ba, ɗibar ba ta canja ba, amma 21 da ta kasance mafita ga mai farawa ta koma tarko a gare shi. Ɗalibin da ya haddace cewa ana ɗaukar ɗaya a bar 20 zai sha kaye a nan, domin abokinsa zai ɗauki uku ya bar masa 17.

4.4 Idan aka taɓa ƙa'ida ta biyu

Gwaji mafi kyau na fahimta shi ne a koma kan ƙa'idar cewa mai ɗaukar ta ƙarshe ya ci, amma a ce abin da aka yarda a ɗauka shi ne ɗaya, ko uku, ko huɗu, ban da biyu. Dabarar cikasawa ba za ta yi aiki kai tsaye ba, sai an koma an bi daga ƙarshe. Tsakuwa 1 mafita ce. Tsakuwa 2 tarko ce, domin ɗaya kaɗai mai layi zai iya ɗauka, abokinsa ya ɗauki ta ƙarshe. Tsakuwa 3 da 4 mafita ce, ana kwashe su a lokaci guda. Daga 5 ana ɗaukar uku a bar 2, daga 6 ana ɗaukar huɗu a bar 2, don haka su ma mafita ce. Daga 7 kuwa abin da za a iya bari shi ne 6 ko 4 ko 3, dukkansu mafita ga abokin karawa, saboda haka 7 tarko ce. Daga 8 ana ɗaukar ɗaya a bar 7. Daga 9 ana barin 8 ko 6 ko 5 ne kawai, ita ma tarko ce. Idan aka ci gaba, jerin tarkuna zai kasance 2, 7, 9, 14, 16, 21, 23. Wato duk adadin da aka raba da bakwai bai bar saura ba, ko ya bar saura biyu.

Irin wannan lissafi na zagaye shi ake koyarwa a ajin farko na babbar sakandare, kuma jama'a suna yin sa kullum ba tare da sun ba shi suna ba. Mai cin kasuwar mako-mako da aka ce masa ya dawo bayan kwana 30, in yau Juma'a ce, ya san mako huɗu za su mayar da shi Juma'a, kwana biyun da suka yi saura kuma su kai shi Lahadi.

5.0 Daga Tsibi Ɗaya Zuwa Tsibi Uku

A wasan Nim ana zube tsibi fiye da ɗaya. Mai layi zai zaɓi tsibi guda ya ɗebi ko nawa ya ga dama daga cikinsa, ko da duka ne, amma ba ya taɓa tsibi biyu a layi ɗaya. Mai ɗaukar ta ƙarshe ya ci.

Idan tsibi biyu ne, dabarar ita ce daidaitawa. A ce akwai 7 da 5. Mai farawa ya ɗebi biyu daga babban ya bar 5 da 5. Daga nan duk abin da abokinsa ya ɗauka a wannan tsibi, shi ma ya ɗauki kwatankwacinsa a wancan. Muddin abokin ya samu abin ɗauka, shi ma zai samu, don haka ɗibar ƙarshe tasa ce.

Tsibi uku ne ke buƙatar abin da Bouton ya gano. Ana kasa kowane tsibi zuwa ƙunshi-ƙunshi na 1, 2, 4, 8, 16, ana farawa da mafi girman da zai shiga, kuma ba a maimaita ƙunshi iri ɗaya a tsibi guda. Kowane adadi hanya ɗaya tak yake kasuwa a wannan tsari. Bayan an kasa, sai a dubi kowane irin ƙunshi a dukkan tsibin, a ga ko adadinsa cika ne ko mara. Idan kowane iri ya zo cika, wato kowane ƙunshi yana da abokin tafiya, wannan zubi tarko ne. Idan akwai wanda ya zo mara, akwai mafita.

Ga misali da tsibi 3, 4 da 5:

3 ta kasu zuwa 2 da 1
4 ta tsaya a 4
5 ta kasu zuwa 4 da 1

Ƙunshin huɗu guda biyu ne, ƙunshin ɗaya guda biyu ne, ƙunshin biyu ne kaɗai ba shi da aboki. Mai farawa sai ya ɗauki biyu daga tsibin 3, ya bar 1, 4, 5. A ce abokinsa ya ɗebi uku daga tsibin 5, aka samu 1, 4, 2. Yanzu ƙunshi uku ne, kowanne shi kaɗai. Mafita ita ce a ɗauki ɗaya daga tsibin 4 ya koma 3, wato 2 da 1, sai zubin ya zama 1, 3, 2, kowane ƙunshi da abokinsa. In abokin ya kwashe tsibin 3 gaba ɗaya, saura 1 da 2, sai a daidaita su zuwa 1 da 1, wasa ya ƙare.

Hujjar wannan dabara ba ta fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Idan zubi ya daidaita, duk ɗibar da aka yi tsibi ɗaya take taɓawa, kuma dole kason wannan tsibi ya canja, don haka dole wani ƙunshi ya rasa aboki. Idan kuma zubi bai daidaita ba, sai a nemi ƙunshi mafi girma da ya zo mara, a je tsibin da ke ɗauke da shi, a warware shi a sake gina ƙananan yadda za su cike kowane giɓi. Wannan kullum yana yiwuwa, domin jimillar dukkan ƙananan ƙunshi ba ta kai babban ba: 2 da 1 ba su kai 4 ba, 4 da 2 da 1 ba su kai 8 ba. Ƙarshen wasa, inda babu ko tsakuwa ɗaya, shi ma daidaitaccen zubi ne, saboda haka wanda ke daidaitawa shi zai isa can. Wannan kasawa zuwa 1, 2, 4, 8 ita ce ƙirga da tushen biyu da ke cikin manhajar ƙaramar sakandare, kuma a kanta kwamfuta da wayar hannu suke aiki.

6.0 Shigar da Wasan Cikin Aji

A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta yi tanadin koyar da ƙananan azuzuwan firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A Gwarzo da Kabo wannan harshe Hausa ce, kuma duk bayanin da ya gabata ana iya yin sa da kalmomin da yaro ya taso da su: tsibi, saura, cika, mara, tarko. Bayan ma'anar ta zauna, ɗora sunan Ingilishi a kanta ba ya wuya.

Ana iya tsara darasin minti 40 kamar haka. Kwana ɗaya kafin darasi a ce kowane ɗalibi ya zo da tsakuwa ko ƙwallon dabino goma sha biyu. A minti goma na farko a bar su su yi wasan bibbiyu da tsakuwa 13, ba tare da an yi musu wani bayani ba ban da ƙa'idoji. Idan aji ya yi cunkoso, inuwar bishiya a filin makaranta ta wadatar. Daga nan malam ya gayyaci duk mai ji da kansa ya zo su kara a gaban aji, ya cinye mutum uku ko huɗu a jere. Wannan ne zai sa yara su soma zargin cewa akwai wani abu a ƙasa. Sai a rage tsibin zuwa 4, a tambaye su wa zai so ya fara. A rubuta lambobi 1 zuwa 21 a allo, ɗalibai da kansu su riƙa zagaye duk wadda suka tabbatar tarko ce, kuma kada a karɓi amsa sai da dalili. A minti goma na ƙarshe a canja iyakar ɗiba zuwa biyu ko huɗu, a ce su yi hasashen sababbin tarkuna kafin su gwada.

Wasan tsibi ɗaya ya dace da ƴan aji huɗu zuwa shida na firamare. Juya ƙa'idoji da tsibi biyu sun dace da farkon ƙaramar sakandare, tsibi uku kuma sai an zo kan tushen biyu. Cibiyoyin horar da malamai da ke jihar, irin su tsangayar ilimi ta Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan titin Gwarzo, za su iya sa ɗalibansu su gwada wannan tsari a lokacin koyarwar gwaji.

7.0 Abubuwan Kiyayewa

Babban haɗari shi ne dabarar kanta ta koma abin hadda. Idan malam ya shigo ya rubuta 4, 8, 12, 16, 20 a allo ya ce a kwafa, ya ƙara wa yara wani jadawali ne a kan waɗanda suke rerawa. Abin da ake son ɗalibi ya fita da shi shi ne hanyar bincike: ya ƙanƙanta matsala, ya gwada, ya lura da tsari, ya yi hasashe, sannan ya kawo hujjar da za ta gamsar da abokinsa. Ma'aunin wannan kuwa shi ne a canja ƙa'ida a ga ko zai iya sake gano tarkuna da kansa.

Na biyu, akwai iyayen da za su ga yaro yana wasa da tsakuwa a lokacin karatu su ɗauka shiririta ce, wasu ma su yi fargabar caca. Fargabar tana da tushe, kuma ya kamata a amsa ta a taron iyaye da malamai. Wasan ba shi da sa'a ko ƙuri'a a cikinsa, kuma wajibi ne malam ya hana sanya kuɗi ko wani abu a kansa, tare da nuna wa ɗalibai cewa wanda ya san dabara ya ci kuɗin wanda bai sani ba zalunci ya yi.

Na uku, wasan ba ya maye gurbin atisaye. Ɗalibin da ya fahimci amfanin saura yana nan yana buƙatar ya yi rabawa da yawa a littafinsa kafin hannunsa ya faɗa. Haka kuma ya kamata a kula kada ƴan ƙalilan masu kaifin baki su mamaye darasin. Sauya abokan karawa a kai a kai, da tabbatar da cewa ƴan mata da masu kunya sun samu damar fitowa gaban allo, zai rage wannan.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a wasan ɗibar tsakuwa kowane adadi ko dai tarko ne ko mafita, kuma ana gane hakan ta bin wasan daga ƙarshe. A tsibi ɗaya, saura bayan rabawa ne ke faɗa wa ɗan wasa abin da zai ɗauka. A tsibi biyu daidaitawa ce, a tsibi uku kuma kasawa zuwa ƙunshin 1, 2, 4, 8. Waɗannan duka batutuwa ne da ke cikin manhajar lissafi, kuma kayan koyar da su suna zube a harabar kowace makaranta a Gwarzo da Kabo. Abin da ya rage shi ne a gwada tsarin a azuzuwa na haƙiƙa, a auna fahimtar ɗalibai kafin darasi da bayansa, domin a san iyakar tasirinsa. Akwai kuma buƙatar masu nazarin al'ada da masu nazarin lissafi su haɗa hannu wajen tattara wasannin ƙirga da yaran wannan yanki suke yi tun asali, a rubuta ƙa'idojinsu daga bakin masu yin su, a duba waɗanda za su karɓi irin wannan nazari.